Hunturu da Ƙyauren Zaure

Ba a buga ganga kafin hunturu ya shigo, amma duk mai gida ya san alamunsa. Da farko mutum zai ji leɓensa ya soma tsagewa, sa'an nan ya ga wankin da aka shanya da hantsi ya bushe ƙayau tun kafin azahar. Bayan 'yan kwanaki sai a wayi gari Dutsen Dala ya ɓace cikin hazo, ladanin unguwa ya yi kiran assalatu da muryar mai mura, sahun asuba ya koma rabi. Da an ga haka, to kowane gida a birnin Kano sai ya shiga ɗan kai-kawo irin nasa, kowa daidai ƙarfinsa.

A gidanmu aikin ya saba farawa ne daga adakar uwargida. Takan fito da barguna da rigunan sanyin yara ta baza su a rana don warin ajiya ya fita, a gwada wa kowane yaro tasa, wadda ta yi wa babba kaɗan ta gangara kan ƙanensa. Mu kuma namu aikin shi ne zagaya gida da takarda da biro muna rubuta abin da ya lalace. Ga tagar da gilashinta ya fashe tun da damina, sai an toshe ta da kwali. Ga tsagar da ruwa ya yi a bangon gabas, sai an nemo magini ya yi yaɓe. Kwanon ɗakin yara ya ɗaga, yana son ƙusa. A sayi buhun gawayi tun bai ƙara tashi ba, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 duk abin da ake hura wuta da shi ya yi tashin gwauron zabi. A tanadi man kaɗanya da basilin saboda kaushi da faso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To bana da muka ɗauko takardar za mu tafi kasuwa, sai muka ga an ƙara wani abu a ƙarshenta wanda ba mu muka rubuta ba. Hannun uwargida ne: "Ƙyauren zaure, da kwaɗo." Kalmomi huɗu kacal, amma sun fi mako biyu suna kai mu suna komo da mu, su ne kuma dalilin wannan rubutu.

Gidan namu na gado ne, ginin ƙasa, kuma tun zamanin kakanmu zaurensa bai taɓa sanin ƙyaure ba, asabari kawai ake saki. Duk shekara idan an gama girbi, malamai suka shigo daga ƙauyuka da almajiransu cin rani, wasu yara daga makarantar allon da ke bakin lungunmu sukan zo su kwana a ciki. Ba wanda ya ba su izini, ba kuma wanda ya taɓa hana su, haka muka tashi muka tarar. Bara, a wani dare na tsakiyar sanyi, sai yaran suka shigo da kara suka hura wuta, barci ya kwashe su, tartsatsi ya kama asabari. Allah ya sa wani maƙwabcinmu mai shayi bai riga ya kwanta ba, shi ya hango hayaƙi ya yi kururuwa. Har yau azarar da ke bisa ƙofar baƙa ce wuluk, kuma bango ɗaya ne tsakanin wurin da ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana.

Da muka tambayi uwargida ma'anar abin da ta rubuta, sai ta ce, "Malam, ni fa ba mugunta nake nufi ba. Amma 'ya'yan da Allah zai fara tambayarka a kansu su ne na cikin gidan nan. Iyayen waɗancan suna can ƙauye sun rufe ɗakunansu suna barcinsu, mu kuma nan muna kwana da ido ɗaya saboda 'ya'yansu." Ta kuma tuna mana da gobarar da ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara a watan Fabrairu na 2025, inda yara 17 suka rasu. Mai karatu, kada ka yi gaggawar yanke mata hukunci. Mu ma mun so mu yi, muka rasa inda za mu kama, domin babu ƙarya ko ɗaya a cikin zancenta.

Kafin mu shiga auna hujjoji, bari mu ɗan tsaya a kan shi kansa sanyin, domin mun lura yawancinmu muna maganarsa ne kamar ruwan sama, wanda in ya sauka ba ya zaɓen gona. Ita iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga hamadar Sahara, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga Kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Chadi, inda iska ke kutsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta share busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Watau farin garin nan da uwargida ke gogewa daga kan akwatin talabijin kullum safiya, tabon ƙasan tafki ne. Wannan kam gaskiya ne, ba ya zaɓen gida. Yana shiga na Alhaji, yana shiga na malamin makaranta, yana hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba tare da ya tambayi ko wane ne a ciki ba.

Amma sanyi daban, ƙura daban. A Kano cikin watannin Disamba da Janairu ma'auni yakan sauko wajen digiri 13 da daddare, wasu dararen ma ya yi ƙasa da 10. Mutumin Turai in ya ji wannan lissafi dariya zai yi, domin su ruwa yake daskarewa a kan titunansu. To me ya sa wannan ɗan sanyin yake kwantar da yara a nan? Dalili kuwa shi ne, abin da jiki ke ji ba a ma'auni yake ba, yana ga abin da ke tsakanin fata da duniya. Wanda ya kwanta a kan siminti babu shimfiɗa, simintin zai kwana yana tsotse zafin jikinsa, shi ya sa ma kwalin da ke ƙarƙashin mutum wani lokaci ya fi zanen da ke bisansa amfani. Iska kuma in tana bugun mutum, tana kwashe ɗan ɗumin da jikinsa ya tara kewaye da shi. Yaro ƙarami ya fi babba saurin rasa zafi, saboda faɗin fatarsa yana da yawa in aka gwada da ƙanƙantar jikinsa. Sa'an nan shi jiki da abinci yake hura wutarsa, wanda ya kwanta da yunwa kamar murhu ne da aka zare wa itace. Bango ke nan, da shimfiɗa, da mayafi, da tuwo. Babu ɗaya a cikin huɗun nan da ya taso daga Chadi, dukkansu a hannun mutane suke. Saboda haka a dare guda, a lungu guda, wani yana cikin digiri 13 yana jin daɗin barci har yana cewa ai shi ya fi son lokacin sanyi, wani kuma taku goma daga gadonsa haƙoransa suna kaɗawa.

Nan ne shirin hunturu ya tashi daga aikin kafinta ya zama tambaya. Duk wanda ya ɗauki takarda yana lissafa barguna, to ƙidaya yake yi ko ya sani ko bai sani ba: su wane ne mutanen gidan nan? A ina gidan ya ƙare?

Magabatanmu sun ba da amsarsu da laka. Maginan da sukan tayar da bango da tubali, kaurinsa a gindi ya kai kamu biyu, su yi rufin azarar giginya su danne da ƙasa, su shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa, mai hali kuma ya sa a yi masa laso da katsin marina irin na Ƙofar Mata. Irin wannan bango yini yake yana shan rana a hankali, dare ya yi ya riƙa sakin ɗumin a hankali, saɓanin bulo da kwano da kan gasa mutum da rana su kuma sallama shi ga sanyi da an yi isha'i. To a cikin wannan gini mai ɗumi, ɗakin da aka fi ƙawatawa, aka yi masa zanko da zane a goshi, shi ne wanda mai gida ba ya kwana a ciki. A zaure ake sallama, a nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, a nan mai saƙa ko ɗinki ke aikinsa, baƙon da dare ya yi wa kuma ba sai ya tashi kowa ba. Mutum ya gina shi da kuɗinsa a cikin filinsa, amma da kansa ya yarda cewa rabinsa na titi ne. Masu karatun tarihin Musulunci za su tuna cewa masallacin Madina ma yana da rumfarsa, inda matalautan sahabbai da ba su da gida, Ahlus Suffa, suke kwana, Abu Huraira yana cikinsu.

Kada dai mu cika yabon jiya. Mutanen da ba mala'iku ba ne. Garin bai kai haka girma ba, mai gida ya san malamin yaran, wani lokaci har ya san ƙauyensu, yaron kuma yana yi wa gidan ɗiban ruwa da aike, yana da uwar ɗaki da ke zuba masa tuwo. Alheri ne da ke tafiya tare da sanayya da amfanin juna. Yau sanayyar ta yi ƙaranci, tsoro ya yi yawa, kuma tsoron ba na banza ba ne. Da muna yara mun san zauruka goma sha ɗaya a lungunmu da ke kwana a buɗe. Wasu an fasa su an yi shaguna, wasu an mai da su garejin mota, wasu an rushe an sa get na ƙarfe. Saura biyu, namu da na wani tsoho maɗinki.

A nan za mu ɗan yi tsokaci ga 'yan'uwa marubuta. Mun karanta littattafan hikaya na zamani ba adadi, kuma da wuya a wuce shafi ashirin ba a ga maigadi ya taso da gudu ya wangale get ba. Sanyi ɗaya ake ji a cikinsu, shi ne na na'urar sanyaya ɗaki. Shi maigadin nan, ina yake kwana a watan Janairu, da me yake rufa? Ba mu taɓa ganin wanda ya bi shi ɗakinsa ba. Abin dariya kuma, ita kalmar zaure ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa cikin waya. Kowannenmu yana cikin zaure biyar ko goma a WhatsApp, har da na marubuta, ana sallama ana muhawara har tsakar dare, sai dai babu wanda za a iya shimfiɗa tabarma a cikinsa.

Mu koma ga ƙyaure. Hujja ta farko da zuciya ta kawo mana ita ce, wanda ya kulle ƙofarsa bai cuci kowa ba. Bai doki yaro ba, bai ƙwace bargon kowa ba, babu alƙalin da zai kama shi. Akwai bambanci na gaske tsakanin cutar da mutum da ƙin taimakonsa, in ba haka ba da kowannenmu ya zama mai laifin duk wata wahala da ke duniya, wannan kuwa kaya ne da babu wuyan da zai ɗauka. Mun yarda da wannan. To amma da muka ƙara juya ta sai muka ga ba ta zauna daidai a kan zaurenmu ba. Wanda bai taɓa haƙa rijiya ba, da wanda ya rufe rijiyar da unguwa ta saba sha a tsakiyar rani, ba ɗaya suke ba, ko da rijiyar tasa ce halak malak. Ƙofar da ta shekara fiye da sittin a buɗe ta riga ta shiga lissafin mutane. Malamin da ya taso daga ƙauye da yaransa ya ƙirga da ita, kamar yadda muke ƙirgawa da albashin ƙarshen wata. Kulle ta a daren da iska ta juyo aiki ne da za mu yi da hannunmu, mun kuma san a kan wa zai sauka.

Hujja ta biyu ta fi ciwo, ita ce: me ya sa sai mu? Malaman fiƙihu suna da abin da suke kira farillar kifaya, kamar sallar jana'iza, wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Suturta wanda sanyi zai illata irin wannan farilla ce a kan al'umma. Sai dai ita kifaya tana da wata ɓaraka da kowa ya iya shiga: kowa yana iya cewa ai wasu za su yi. Mai shago ya ce ai akwai zauren Malam. Mai get ya ce ai akwai zauren Malam. Kayan da gida goma sha ɗaya ke ɗauka sai ya tattaru a kan gida biyu, har abin da yake na jama'a ya koma tamkar farilla a kan mutum ɗaya, don kawai shi ne bai yi saurin kiran mai walda ba. Wannan rashin adalci ne, ba mu da shakka. Mun fi kwana uku muna jin daɗin wannan fushin, domin fushin mai gaskiya yana da zaƙi. Daga baya muka tambayi kanmu, to wa ya ci mana bashin? Maƙwabtan da suka rufe nasu, da iyayen da suka turo yaro babu mayafi, da hukumar da ta zuba ido. Kwaɗon kuwa a fuskar wa za a datse shi? Yaro ɗan shekara takwas wanda ba a yi shawara da shi ba ko a wuri ɗaya. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Wani abokin aikinmu ya kawo ta uku a ɗakin malamai, kuma shi mutum ne da ba ma raina tunaninsa. Ya ce irinmu masu buɗe zaure mu ne ke raya matsalar. Muddin uba ya san akwai inda ɗansa zai raɓa a birni, ba zai fasa turo shi ba, amma da kowa zai rufe ƙofa da tukunya, da dole kowa ya riƙe nasa. A matsayinmu na masu koyarwa ba za mu ɓoye ba, muna ganin kuskure ne babba a ɗauki yaron da bai iya wanke rigarsa ba a tura shi wani gari babu guzuri, kuma neman ilmin Alƙur'ani bai wajabta haka ba. Amma mun ga yadda gyaran manya yake tafiya. A 2012 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Gagi, cikin Sakkwato, aka gina wasu a jihohi da dama. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukuma ta ƙasa musamman don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka yaran suna nan a bakin lungunmu. Gyara da shekaru ake auna shi, sanyi kuwa na daren yau ne. Abin da abokin namu yake nema, in aka tuɓe masa riga, shi ne a rubuta wa uba wasiƙa a jikin ɗansa, a bar yaron ya sha wuya don wani da ke nesa ya ji a jikinsa. Ko da wasiƙar za ta isa, ba mu ga wanda ya ba mu ikon mai da ɗan mutum takarda ba. Balle ma ba ta isa. Yaron zai koma rumfar kasuwa ne ko gindin tanda, uban kuma ba zai taɓa ji ba.

Da muka kai nan sai muka ji mun yi nasara, muka shiga gida da niyyar karanta wa uwargida wannan lacca. Ta saurara har muka gama, sa'an nan ta ce, "Malam, na ji. To wa ke share zauren da safe? Wa ke wanke inda suka yi fitsari? Ranar da ƙaramin nan ya kwana yana amai, wa ya tashi ya dafa masa ruwan zafi? Kai dai a masallaci ake ce maka Allah ya saka."

Wannan ita ce hujjar da ba mu da amsarta, kuma ba ta cikin waɗanda muka tanada. Shekara da shekaru muna ɗaukar buɗaɗɗen zaure a matsayin kyautarmu, gadon kakanmu, abin da ake yabon gidanmu da shi, alhali kuwa kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wahalar tana kanta ita da 'yan matanmu biyu, haɗarin gobarar yana kan yaran da ke bayan bango, mu kuwa namu shi ne suna. Mutum yana iya sadaukar da barcinsa da bargonsa, wannan nasa ne. Amma ya yi kyauta da gumin wani da lafiyar wani ba tare da ya tambaye su ba, sa'an nan in sun yi magana ya kawo musu ayoyi, wannan akwai zalunci a cikinsa ko da an yi masa rawani. Mun daɗe muna tambayar ina gida ya ƙare ta wajen titi, ba mu taɓa waiwayawa mun ga wanda muke takawa ta wajen ciki ba.

Kafintan da muka kira ya kawo tasa shawarar. Ya ce a sa ƙyauren, a bar yaran su shiga, in sun kwanta a ja musu shi, ga ɗumi ga tsaro. Nan kam ɗan abin da muka sani na kimiyya ya yi mana rana. Yaron da aka hana hura kara zai shigo da garwashi a gwangwani, wannan tabbas ne. Gawayi kuwa in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau fiye da 200, ta hana jinin kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Ita ce dai ke kashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareta a cikin gida. Muna roƙon duk mai karanta wannan, ko bai ɗauki komai a cikinsa ba ya ɗauki wannan: a ɗumama ɗaki da kasko in ana so, amma a fitar da shi waje kafin a kwanta, kuma kada a toshe kowace kafa. Ɗakin da iska ba ta shiga ko kaɗan ya fi sanyin haɗari.

Daga ƙarshe muka yi abin da ya kamata a ce mun yi tun shekarun baya, muka taka zuwa wurin malamin yaran. Muka tarar da shi a kan buzu, ga yara sun fi arba'in, ga ɗaki ɗaya da rumfar kwano. Bayan gaisuwa muka ce, "Allah ya gafarta Malam, mun zo ne a kan yaran da ke kwana a wurinmu." Ya yi shiru, da alama ya zaci kora ce. Da ya ji ba ita ba ce sai ya ce, "Malam, iyayensu da allo suke kawo mini su, da robar bara. Ban taɓa ganin wanda ya zo da bargo ba." Muka ce masa, cikin ladabi iyakar iyawarmu, karɓar yaran da suka fi ƙarfin makwancin mutum shi ma abin tambaya ne gobe. Bai musa ba, bai kuma amsa ba, ya ce Allah ya kyauta.

Ga yadda aka tsaya, kuma da uwargida aka tsara shi tun daga farko, ita ta sa yawancin sharuɗɗan. Yara shida za su kwana, waɗanda muka san sunayensu da garuruwansu, tare da babba ɗaya a cikinsu da zai kula. Ba wuta, ba garwashi, ko ashana. Su za su share wurin kafin su fita. Mu kuma muka shimfiɗa kwalaye a ƙarƙashin tabarmi, muka sayo barguna shida na gwanjo a Kasuwar Ƙofar Wambai, aka ɗinka labulen buhu mai ninki biyu a ƙofar waje, aka bar 'yar tagar sama a buɗe, aka ajiye bokitin ruwa da na yashi a lungu. Kuɗin bargunan daga na yaɓen bangon gabas aka cire, don haka tsagar tana nan, mun cusa mata tsumma, kuma ta wajen gadonmu take. Ƙyauren da kwaɗon an saye su kamar yadda aka rubuta a takarda, sai dai a ƙofar ciki aka kafa su, tsakanin zaure da tsakar gida.

Ba mu ce mun warware komai ba. Shida muka ce, don shida zaurenmu da aljihunmu za su ɗauka, amma shida ba lamba ce da ta sauko daga sama ba, mu muka yanke ta, kuma sauran talatin da wani abu suna ƙarƙashin rumfar kwano. Duk hujjar da muka ba abokin aikinmu a kan yaro na farko tana nan daram a kan yaro na bakwai. Mun yi wa masu get biyu magana a masallaci, ɗaya ya ba da kuɗin bargo uku aka kai makarantar, ɗayan ya ce zai duba.

Shekaranjiya iska ta tsananta, irin wadda ke kaɗa kwano tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Da asuba muka fito da buta, sai muka tarar uwargida ta riga mu, tana tsaye a bakin sabon ƙyauren ta buɗe shi kaɗan, tana haska fitilar wayarta a kan takalman da ke jere a bakin tabarma. Ta juyo ta ce da mu a hankali, don kada ta tashe su, "Malam, bargo shida muka saya ko? To ni silifa ƙafa goma sha biyar na ƙirga." Muka leƙa. Bargunan dai shida ne, amma an haɗa su an yi rufi ɗaya, ƙafafu sun fito ta ko'ina, ba a gane na wane da wane. Muka ce to yanzu yaya za a yi, sharaɗi dai sharaɗi ne, ita ta sa shi. Ba ta ba mu amsa ba. Ta ce ruwan alwalarmu yana kan murhu kada ya huce, ta wuce ɗaki, muka ji tana jan adaka.